Shingen Baba a Kan Taswira

Diffa, daren Laraba, ƙarshen Oktoba

Na kasa cin abinci. Yau a biro, wato ofishinmu, na sa ordinata, kwamfutar aiki, ta lissafa a kan taswira inda ruwan kogin Komadugu zai bi idan ya iso, tunda mu nan sai damina ta wuce kogi ke cika. Na saka mata har shingen buhunan rairayi da Baba ya kewaye garkarsa ta tattasai da shi, kusa da Assaga. Garka ta fito a bushe. Amma ruwan da shingen ya tare ya karkata, ya bi kwari ya shige bukkokin 'yan gudun hijira. Da na cire shingen, bukkoki suka tsira, tattasanmu ya nutse. Na yi ta sakewa ina fatan kuskurena ne. Ba kuskure ba ne.

Na kira Baba bayan magariba, na faɗa masa. Ya ce, "Falmata, kowa gefensa yake tarewa, haka muka tarar. Yanzu injinki zai sa in buɗe wa ruwa hanya da hannuna?" Ya kashe waya.

Da tattasan nan ya yi mini karatu, ban manta ba. Amma cikin bukkokin akwai matar da nake sayen kifi banda wurinta, kullum da goyo a bayanta.

Gobe zan kai ordinatar har kan tabarmarsa, ya gani da idonsa. In aka yanke shingen ta gabas, bukkoki za su tsira, rabin garka ma zai tsira. In ya ƙi, zan miƙa wa hukuma taswirar yadda take, da shingensa a kai. Ba zan goge shi ba.