Gwiwata da Tambayar da Kuka Yi Mini a Gaban Jama'a

Zuwa ga Shugaba da 'yan kwamitin ƙungiyar ƙwallonmu ta 'yan Arewa mazauna Doha, da kocinmu, da duk ɗan kallon da ke tsayawa a bayan ragata ranar Juma'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya aiki, yaya zafin garin nan, yaya labarin gida? Allah Ya sa mu ji alheri.

Ranka ya daɗe Alhaji Shugaba, ni ne Lawal, wanda kuke ce wa Katanga, mai tsaron gidan ƙungiyar nan shekara huɗu ke nan. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa rubuta wa kowa takarda ba in ba matata ba. Na rubuta wannan ne saboda bakina ya ci amanata ranar Juma'ar da ta wuce, kuma na san in na sake tsayawa a gabanku zai ƙara. Na roƙi mai shayinmu na unguwar Al Asmakh ya bar ni in manna ta a bangon da muke jingina, don kowa ya karanta, da wanda ya ce in buga wasan ƙarshe da 'yan Sudan ranar Juma'a mai zuwa, da wanda ya ce kada in buga.

Na ɗaya, maganar gwiwar kanta, tunda na ji ana ta cewa ɗan targaɗe ne. Juma'a biyu da suka wuce, a wasanmu da Misrawa a filin bayan Madinat Khalifa, ana dab da tashi aka bugo kwana. Na yi tsalle na cafke, ina saukowa dogon nan nasu mai lamba tara ya faɗo mini a kan ƙafar dama. Na ji abu ya yi ƙas a ciki kamar an karya ɗanyen kara. Kun ga na miƙe, kun yi ihu, kun ɗauka lafiya ce. Ba lafiya ba ce. Na miƙe ne don ba na son in kwanta a gaban Misrawa.

Ban je asibiti ba, kuma kowa ya san dalili: sai da takardar kamfani, takardar kamfani kuwa sai ta bi ta hannun sufabaiza. Ɗan'azumi direba ne ya zo ɗakinmu ya ja ƙafar, ya shafa man zafi, ya ɗaure da tsohon rawani. Allah Ya saka masa da alheri, amma shi da bakinsa ya gaya mini babansa ne maɗori a Gusau, shi kallo kawai ya riƙa yi. Bayan kwana uku Dakta Bashir, likitan nan namu da ke zuwa kallo in ba ya duti, ya kai ni falonsa ya duba. Ya riƙe ƙaurina ya jawo, sai ƙafar ta biyo shi kamar durowa. Ya ce jijiya ce ta tsage a ciki, ba ta ƙarasa tsinkewa ba. Ya ce mako shida ba ƙwallo. In kuwa ta sake murɗewa, to sai tiyata, sai watanni a kan sanda.

Na biyu, ina so ku san abin da gwiwar nan take yi sauran kwana shida na mako. Ni mai gadi ne a wata babbar kasuwar zamani a Dafna. Awa goma sha biyu a tsaye, babu kujera, wanda aka kama ya jingina ma sai an rubuta sunansa. Sufabaizanmu ya faɗa a fareti, ba sau ɗaya ba, cewa wanda ya ji ciwo a ƙwallo shi ya jiyo, kuma wanda ba ya iya tsayuwa khalas, shi ke nan, kafil, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya soke biza, ga tikitin komawa gida. Sati biyun nan a ƙafa ɗaya nake aiki kamar shamuwa. In na hango shi sai in sauke ɗayar in cije. Sallah ma sahun baya nake komawa, in miƙe ƙafa wajen tahiya. Tsohuwata a Funtuwa, da matata, da 'ya'yana mata biyu, da ƙannena da ke makaranta, duk a kan gwiwar nan suke cin tuwo. Ba wanda ya ambace su a zaman Juma'ar nan.

Na uku, musun da kuka yi. Ina zaune a tsakiyarku da kofin shayin karak a hannu, ana ta jefa gwiwata daga baki zuwa baki kamar ba a jikina take ba. Musa Mai Jarka, wanda ke kaɗa mana jarka a bayan raga, shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce Katanga da ƙafa ɗaya ya fi ɗaya golan namu Sale da ƙafa huɗu. Baba Isa, dattijonmu, ya ce a ji tsoron Allah a bar yaro ya warke, aka ce masa ai shi bai taɓa taka leda ba. Wani ya ce a yi mini allurar kashe zafi, wani ya ce in buga rabin lokaci. Wani ma cewa ya yi ai gola ba ya gudu, tsayuwa kawai yake yi. Haba jama'a! Wanda ya faɗi haka ya zo ya tsaya ranar da ɗan Sudan ya taho da ƙwallo shi kaɗai.

Sai Malam Kabiru, lakcaranmu da ya yi karatu a ƙasar sanyi, ya kawo labarin jami'arsu. Ya ce can akwai wasan da ake yi a kan ƙanƙara da sanduna, kuma ya ga golan makarantarsu ya buga wasan ƙarshe da ɗaurarriyar gwiwa, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa. Malam, da girmanka, ni ma na san wasan. A ƙasan kasuwar da nake gadi akwai dandamalin ƙanƙara, Turawa na zuwa su buga, ina leƙensu daga sama. Golansu an naɗe shi tun daga kai har ƙafa kamar katifa, ragar da yake tsaro kuwa ba ta fi ƙofar akurki ba. In an tashi ya shiga motarsa. Ɗalibin nan naka kuma washegari a aji zai zauna, a kan kujera. Ni doguwar safa gare ni da rawanin Ɗan'azumi, kuma motar kamfani tana zuwa da asuba ranar Asabar.

Shi kuwa Sale, golanmu na biyu, yana nan zaune ana kiransa Kwando a kan idonsa. Shekara uku yana ɗumama benci, bai taɓa fashin Juma'a ba. Sau ɗaya aka sa shi, 'yan Gana suka zura masa huɗu, kuma ranar masu tsaron bayanmu biyu suna duti. Daga nan sunan ya bi shi. Na ga ya ajiye shayinsa bai shanye ba, kuma wallahi na ji kunya.

Na huɗu, kuma nan ne ƙorafina yake. Da hayaniya ta yi yawa, ranka ya daɗe, sai ka ɗaga hannu ka ce a daina musu, ga mai gwiwar nan a zaune, a tambaye shi. Kowa ya juyo wajena. Ka dube ni a gaban mutum sama da talatin ka ce, "Katanga, za ka iya?"

Alhaji, ka haife ni, kuma ka san gidajen da muka fito. Wane ɗa namiji ne a garinmu babba zai tambaye shi a bainar jama'a ko zai iya, ya buɗe baki ya ce ba zai iya ba? Tun muna yara a gona, in an ce ka gaji ne, cewa kake a'a, ko da fartanya na neman suɓuce maka. Baƙo ma in ka tambaye shi ko ya ci abinci cewa zai yi ya ƙoshi, shi ya sa iyayenmu ba sa tambaya, kwano suke ajiye masa. Kai ka san amsar da zan bayar tun kafin ka rufe baki, kowa a wurin ma ya sani. Na ce in sha Allahu zan iya. Aka tafa, Musa ya buga tebur, sakatare ya rubuta cewa na amince da bakina. Dakta Bashir yana duti ranar, kuma babu wanda ya ce a kira shi a waya.

Wannan ba shawara ba ce. Kun sauke kayan daga kanku kun ɗora a kan harshena, don in ƙafar ta tafi a ce ai shi ya ce zai iya. Ban ce da gangan kuka yi ba, na san son kofin nan ne ya rufe mana ido gaba ɗaya. Amma abin ya yi mini ciwo, har yanzu ma yana yi.

Na biyar, kada wani ya ce tsoro ne, ko kuwa ba na so. Allah Ya sani ina so. Kai, ban san yadda zan gaya muku irin son da nake yi ba.

A wurin aiki babu wanda ya san sunana. Wani ya ce sikiriti, wani ya ce sadik, wato aboki, yawanci Muhammad suke kirana, kamar yadda suke kiran mai shara da mai wankin mota. Kwana shida ina buɗe wa mutane ƙofa ba wanda ya kalli fuskata. Amma ranar Juma'a bayan La'asar, in na taka yashin filin nan, na je na taɓa turakun raga biyu na yi bismillah, Musa ya fara kaɗa jarka, kuka ɗauki "Katanga! Katanga!", to ni ba a Doha nake ba. Ina filin makarantar unguwarmu ne da damina, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, takalmanmu ne turakun raga, ƙannena na bayan raga suna ɗauko ƙwallo daga gonar dawa. Ina jin zagi da Hausa, yabo da Hausa, har masifar da koci ke yi mini daɗi take yi mini. Ko dogayen ginin nan da ake ta ɗagawa a Dafna ba na ganinsu sai an hura tashi. Minti casa'in ɗin nan su ne gidan da nake zuwa duk mako ba tare da tikiti ba.

Babbar 'yata tana goye na taho, yanzu ta shiga firamare. Ƙaramar a hoto na fara ganinta. A kaset ɗin da suka aiko mini kwanan baya, babbar ta ce uwarta ta gaya mata babanta ba a cin shi a ƙwallo, ta ce ita tana so ta gani. Da na ji an ce za a kawo mai bidiyo ranar wasan ƙarshe, na kwana biyu ina lissafin wanda zai tafi gida in ba shi faifan. Har na ga yadda za su taru a ɗakin tsohuwata, a jira a kawo wuta, a nuna wa yarinyar nan ga babanki can cikin koriyar riga. Shekarata talatin da shida. Ban san ko za mu sake kai wa wasan ƙarshe ina tsaye a raga ba. Shekara huɗu nake jiran Juma'ar nan, ga ta ta zo, ga ni da ƙafa ɗaya.

Amma da in aika musu faifai in biyo bayansa da sanda, ba aiki, gara yarinyar ta ci gaba da jin labari a bakin uwarta. Wannan a takarda kawai nake iya faɗinsa, ni kaɗai a bakin gado.

Saboda haka ga roƙona.

Kwamiti ya sake zama kafin Alhamis, da Dakta Bashir, ba tare da ni ba. Ku ji ta bakinsa, sannan ku cire sunana da hannunku, a rubuta cewa ku kuka cire. Nauyin naku ne, don shi aka zaɓe ku.

A gaya wa Sale da wuri, ya samu ya shirya. Zan je in yi masa bayanin 'yan wasan Sudan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke bugawa ƙasa da wanda ke neman kusurwa. Musa, ɗan'uwana, ka kaɗa masa jarka kamar yadda kake kaɗa mini, kuma duk wanda ya ce Kwando ranar ka kore shi daga bayan raga.

Daga yau, in ɗan wasa ya ji ciwo, kada a sake tambayarsa a gaban jama'a. A tura mutum ɗaya, sa'arsa, ya same shi a ɗaki. Ko a can ɗin ma a kalli tafiyarsa kafin a saurari bakinsa.

Ni kuma a bar mini gefen benci, kuma a bar ni in sa koriyar rigata ko da ba zan shiga ba.

Allah Ya ja zamaninka, Alhaji, Ya ƙara maka haƙuri da mu. Allah Ya saka wa kwamiti da koci da alheri a kan wahalar da suke yi ba don komai ba. Allah Ya riƙa wa Sale hannu, Ya ba mu kofin nan in alheri ne. Allah Ya maida kowannenmu gida da ƙafafunsa, ya tarar da iyayensa da rai. In na ɓata wa wani a takardar nan, ya yafe mini.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne gaskiyar da ta sa na ɗauki biro. Na san kaina. Ranar Juma'a, in jarka ta fara tashi, wani ya miƙo mini safar hannu, zan karɓa. Zan sa, in shiga raga ina dariya, kuma ba wanda zai ji na ce uffan. Don Allah, don Annabi, kada kowa ya miƙo mini.

Wassalam.

Naku,
Lawal Katanga,
mai tsaron gida.