Ni Na Sauke wa Junaidu Tumbi

Zuwa ga Mansura, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, farar balbelar fadamar Gummi,

Gaisuwa mai tarin yawa daga wanda abinci ya daina yi wa daɗi. Ya jikin Inna? Ni dai ina nan, in har wannan ma zama ne.

Kin tuna ranar da kika biyo ta rumfata ta motsa jiki a hanyar gulbi, lokacin da duk kayan aikina ba su wuce gwangwanayen fenti da na cika da siminti na soka musu ƙarfe ba, sai tsohuwar tayar tirela? Garin nan kaf dariya ake yi mini. Wai wane mahaukaci ne zai biya a sa shi gumi, alhali ga fartanya tana yi kyauta? Ke kaɗai kika tsaya. Kika ɗaga ƙaramin gwangwanin da hannu ɗaya, kika ce taɓaryar Inna ta fi shi nauyi, kika yi dariya har mayafinki ya zame. Sannan kika ce in bar zawarcin manoma, in nemi masu zaman kujera, waɗanda likita ya tsorata da hawan jini da ciwon suga. Wayyo Mansura! Shawarar nan taki ita ta tayar da ni, ita kuma ta kayar da ni.

Na bi maganarki. Malaman makaranta suka fara zuwa motsa jiki, sai ma'aikatan sakatariya, sai 'yan kasuwa. Rumfar zana ta koma ta kwano. Har daga Bukkuyum ake kirana. Kullum ina ce wa raina bari sana'ar ta ƙara tsayawa da ƙafarta kafin in tura manyana, kada a ce ɗan tsalle-tsalle ne ya zo neman 'yar mutane.

Ana nan sai ga Junaidu, mai sayen zinare daga wajen Anka, tumbi ya riga shi shigowa, ko takalmi ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka sai da haki. Ya ce akwai yarinyar da yake so, amma kunya ba za ta bar shi ya tsaya ƙofar gidansu a haka ba. Na tausaya masa, don na san ciwon. Ni na raba shi da lemon kwalba da malmala uku. Ni na riƙa kora shi da gudu cikin yashin gulbi, in ya zube in ɗaga shi, in ce ya tuna da yarinyar. Ya tuna da yarinyar! Da bakin nan nawa! Ashe ke nake tuna masa.

Jiya bayan la'asar na gan shi a ƙofar gidanku, cikin shaddar da tela ya rage wa faɗi, tsaye kyam kamar giginya, ke kuma kina yi masa dariyar nan da na ɗauka tawa ce ni kaɗai. Ni da nake ɗaga abin da ƙarti biyu ke kasawa, sai na juya na sulale ko sallama ban yi ba. Wane ne ya taɓa gyara wanda zai raba shi da ransa? Wa zan kai ƙara, tunda aikin hannuna ne? Ƙanwarki Habsu ta ce manyansa na shirin zuwa tambaya, Inna kuma ta bar zaɓi a hannunki.

Ba zan ɓata shi ba. Mutumin kirki ne, bai san komai tsakaninmu ba, wannan ma ya fi ƙona mini rai. Roƙona ɗaya ne, hasken raina: ki ba ni izini in turo kawuna kafin nasa su iso. Kalma ɗaya ta bakin Habsu ta ishe ni. Ina son ki, Mansura, son da ya fi ƙarfina, kuma tsoro nake ji.

Gobe da safe Junaidu zai zo rumfata kamar kullum, zan kuma karɓe shi. In shi kika zaɓa, ba zan kore shi ba. Zan ci gaba da tsare masa jininsa da zuciyarsa har tsufa, don kada ki shiga takaba da ƙuruciyarki. Hanyar kula da ke da za ta rage mini ke nan, kuma ba zan yi wasa da ita ba.

Naki, ko kin zama tawa ko ba ki zama ba, har numfashina ya ƙare,

Abdulwahabu