Tsinken tsintsiyar da na ƙi matsarwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni dai asalina ba mai ƙarasa littafi ba ce. Da na ga jaruma ta cika kuka, ko marubuciya ta fara jan labari kamar cingam, sai in rufe in ɗauki wani. Ƙasan gadona cike yake da littattafan da na yasar a tsakiya, ban taɓa jin komai ba.

A Dawaki muke, ni da kakata Dada. Ciwon suga ya cinye mata ido, shi ne na fara karanta mata littafi bayan la'asar don kada zaman shiru ya yi mata yawa. Ita kuma dokarta, ba a barin labari a hanya. Maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, 'yar Kaltungo, ƙawarta tun kafin a haife ni, ita ma takan jawo kujerarta ta zauna. Su biyun nan su yi ta musu a kan mutanen littafi kamar 'yan layinmu ne, dole ta sa na koyi kai ƙarshe.

Ranar da muka gama na farko, Mama Rifkatu ta miƙe tana kaɗe zani, ta ce to ita kam ta ji ƙarshe, hankalinta ya kwanta. Ba ta sake shigowa gidanmu ba. Satin bai fita ba aka kai ta Kaltungo aka binne.

Bayan an share makoki na ɗauko wani, labarin wata uwa da ɗanta ya ɓata a tasha, tana ta nemansa. Mun yi nisa sai Dada ta ce, ba wasa a muryarta, "Rifkatu ta ji nata ta tafi. Wannan shi ne nawa." Na ce ta daina irin wannan magana, ta ce in ci gaba kawai. Tun daga lokacin jikinta ke ja baya, ƙafa ta kumbura, abinci sai an yi da gaske, amma la'asar na yi za ta ce a tayar da ita zaune.

To da na ga saura 'yan shafuka, sai na kasa. Nakan buɗe littafin in riƙe, in yi ta ƙirƙiro labari daga kaina. Uwar nan na kai ta Kumo, na kai ta Bajoga, na ce an ga yaron a Dukku, tana isa in ce ya riga ya tashi. Ni da ke zagin masu jan labari, ga ni na fi su. Ko leƙa ƙarshen ban yi ba, wallahi tsoro nake ji.

Yayana ya ji, muka yi kaca-kaca. Ya ce camfi ne, ajali ba a takarda yake ba, kuma ina yaudarar makauniya. Na san gaskiya ya faɗa, ina sallah, na san mai kashewa da rayawa. Amma shi bai ga yadda Mama Rifkatu ta kaɗe zaninta ba.

Jiya Dada ta ce in miƙo mata littafin. Da tsinken tsintsiya nake sa alamar inda muka tsaya. Ta laluba ta samo shi, ta matse ragowar shafukan da yatsu biyu, ta ce, "Kullum in kin tafi makaranta sai na taɓa. Tsinken nan bai motsa ba tun kafin azumi." Ta yi 'yar dariya ta ce, "Kin wahalar da baiwar Allah, ki bar ta ta ga ɗanta. Ta gaji. Ni ma na gaji."

Ta ce yau ainihin na littafin take so. In na karanta wani abu ya faru, ban san yadda zan zauna da kaina ba. In na ƙi, ta tafi ba ta ji ba, ni na hana ta abu ɗaya da ta roƙe ni.

Tun safe ta sa aka yi mata wanka, ta ce a ciro mata zanin da ta daɗe tana ajiya. Littafin yana kan cinyarta yanzu haka. 'Yan uwa, in an idar da la'asar, in karanta ko kada in karanta?