Tsatsar da Na Kankare

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

An dakatar da ni a shagon da muke harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba. Na tarar da wata tanka, tafin hannu ya fi ta girma, duk ta yi tsatsa. Ka san halina na mai fentin mota: na kankare ta, na feshe ta fes. Ashe tsatsar zana ta aka yi da fenti. Wata uku maigida ya yi yana kwaikwayonta daga tsohon hoto, saboda gasa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sannu da aiki, gwani. Je ka gida."

Lafiyata ƙalau, barci ne kawai babu. Kada Inna ta ji. Allah Ya raya zuri'a.

Takardar izinin zamana a ƙasar nan za ta ƙare Litinin, kuma sai da sa hannun maigidan ake sabunta ta. Har yanzu tana kan teburinsa.

Ƙaninka.