Mai Tsaron Randar Mama

Laraba, bayan isha'i, Sintali

Yau Yaya Usman ya jingina wayarsa a jikin buta, muka kalli gasar ƙwallon duniya ta 'yan mata. Sa'o'ina ne fa! Mai tsaron gidanmu ta tashi sama ta cafke ƙwallo kamar mai tsinkar mangwaro. Ina rufe ido sai in ga ni ce cikin rigarta, ciyawa kore shar, fitilu kamar rana.

Gobe malamar wasanni za ta zaɓi ƙungiyar makaranta, amma sai da yardar iyaye, ni kuwa na kasa tambayar Baba. Na ɗauka bai san ina tsare wa su Yaya gida a bayan ɗaki ba, tsakanin randar Mama da gwaiba.

Ashe yana kallo daga tabarmarsa. Ya ce, "Wannan ta kai Hadiza kuwa?"

"Ni, Baba?"

"Ke mana. Tunda kika fara tsayawa can, Usman bai sake fasa mana randa ba."

Na faɗa masa zancen gobe. Ya dubi randar, ya dube ni.

"Ki je. Amma wa zai tsare min randa?"

Barci ya ƙi zuwa. Filin nan nake ta gani.