Dutsen da Ke Cikin Mangalata

Zuwa ga Azumi, ruwan Mariga a tsakar bazara, inuwar kaɗanya ga wanda ya ratso dajin Kamuku, saƙar zuma wadda hayaƙi bai taɓa ba! Gaisuwa daga Birnin Gwari zuwa Kakangi.

Dubi rubutun nan da kyau. Karkatacce ne kamar sawun kaza, amma hannuna ne, ni Bakoji mai jakai, wanda yayanki Malam Ja'afaru ya ce ba sa'an gidanku ba ne. Kin tuna ranar da na zo neman aurenki, damina biyu ke nan? A gaban jama'a ya ɗaura mini tambaya: mangala ce a bayan jaki, gefe ɗaya goran zuma uku da dunƙulen gishiri biyu, ɗaya gefen gora guda da dunƙule goma, kuma ba ta karkata ba. Nauyin gora guda dunƙule nawa ne? Ya ce ranar da na warware in dawo. Zaure ya kwashe da dariya. Shekara arba'in ina ɗaura kaya, sai ga shi an ka da ni da mangalata!

Su yi ta dariya! Da furfurata na durƙusa gaban Malam Haruna, kullum bayan magariba, ina koyon baƙi da hisabi. Baƙi ya shiga, tambayar ta ƙi. Ke ce kika buɗe mini ita, ya hasken idona, ba ki ma sani ba.

Ranar sunan jikokinmu ne, tagwayen da 'yarki Ma'u ta haifa wa ɗana Nababa. Wayyo daɗi! Har yau ƙafata ba ta taka ƙasa ba. Ina kallonki zaren farin wurin da ke hannun Hassana ya tsinke, nan take kika kwance na Husaina, don tagwaye ba sa yafe bambanci. Sai kaina ya waye kamar gari: abin da aka cire a dama, a cire shi a hagu!

To ki gaya wa Malam Ja'afaru: a sauke gora guda nan, gora guda can. A sauke dunƙule biyu nan, biyu can. Saura gora biyu suna daidai da dunƙule takwas. A raba kowane gefe biyu. Huɗu ne, huɗu! Na gwada a bayan jakina, mangala ta tsaya cak.

Yanzu a auna mu da wannan ma'aunin. Sun ce na tsufa, ke fa shekaru tsallake ki suka yi? A cire nan, a cire can. Kin binne miji, na binne mata. A cire. Kina da karatu, ga nawa a hannunki. Jikoki biyu naki, su ne dai biyun nawa. Me ya rage, ya sanyin raina, in ba zuciya da zuciya ba? Wane malami zai ce wannan ta karkata?

Abu guda ne hisabi ya kasa fito mini da shi: amsarki. Mu masu jakai, in kaya gefe ɗaya ne, dutse muke sawa a ɗayan. Tun da aka yi mini rasuwa haka nake tafe, Azumi, rabi kaya rabi dutse. Jakin da ya kawo takardar nan haka na ɗaura masa: zuma a dama, dutse a hagu. In ba kya so, ki bar dutsen ya dawo mini, ba zan ce uffan ba. In kina so, ki jefar da shi a ƙofar zauren yayanki, ki sa ko ƙullin daddawa ne a madadinsa. Ko da mangalar ta karkata har ƙasa, ni a wurina daidai take.

Naki, muddin jaki na da gefe biyu,
Bakoji, kakan tagwaye.