Agwagin Inna

Litinin

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Amarya da Inna. Allah Ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Na kira wayarka har ta gaji da ni, shi ya sa na koma takarda. Direban ofishinmu zai bar ta a bakin ƙofa, ba zai shiga ba.

Ka san ban zo ranar Asabar ba da aka kashe kajinka. Ba a tura likitan dabbobi gidan ɗan'uwansa, kuma dokar ta yi daidai. Amma na zauna da shugaban tawagar bayan sun dawo. Ya ce an gama da kajin ƙwai duka, an binne, an zuba farar ƙasa, an ƙona kiret-kiret, an yi feshi. Ya ce ka ba su haɗin kai, har ruwan sanyi ka kawo musu. Na tambaye shi agwagi fa. Ya ce waɗanne agwagi?

Auta, a gidan nan aka haife ni. Na san bahon da ke bayan kicin, na san toron nan mai baƙin kai da ke bin baƙi da cizo. Mutumin ya ce ya ga bahon a kife, an wanke shi tas, an share wurin. Tunda nake da kai ban taɓa ganin ka share wuri ba a sa ka ba.

Ga abin da nake so ka gane. Kaza idan ta kamu da murar tsuntsaye tana faɗa maka. Zankonta ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kafin ka juya ta faɗi. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da cutar tana cin abincinta, tana wankanta, tana zubar da ita a cikin kashinta duk inda ta taka. Agwagin Inna ruwa ɗaya suke sha da kajinka. Na karanta labarin wannan annoba a ƙasashe da dama, kuma kusan kowane labari akwai wani mutumin kirki a cikinsa da ya ji tausayin wata tsuntsuwa ya ɓoye ta.

Ina ka kai su? Amsar layi ɗaya ta ishe ni.

Ka gaishe da Inna da kyau.

Yayarka


Laraba

Yaya Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya aiki, ya fama da jama'a da dabbobinsu? Takardarki ta iso. Direbanku ya jefo ta daga nesa kamar mai ba kare ƙashi, ki ce masa na gode.

Wayata lafiyarta lau, ni ne ba na son magana. Ke dai ba ki ga abin ba. Mutanenki sun shigo cikin fararen kaya kamar masu tafiya duniyar wata, kafin azahar babu abin da ke motsi a ɗakunan nan. Yanzu asuba na yi sai in farka in kasa kunne, shiru. Na saba da tsinar hayaniyarsu, ashe ita ce ke sa ni barci.

Maganar agwagi kuma, sun tafi hutu. Lafiyarsu ƙalau, ci suke kamar leburori. Toron ma ya cije ni a hanya, ga shaidar nan a hannuna, mara lafiya ba ya irin wannan cizon.

Kada ki ɗauka ban yi hankali ba. Ke ce kika koya mini cewa duk mai shiga ɗakin kaji ko mai fita ya tsoma takalminsa a ruwan maganin da ke bakin ƙofa. To kafin in fitar da su sai da na haɗa sabon ruwa, na ma ƙara masa ƙarfi, na kama su ɗaya bayan ɗaya na tsoma ƙafafunsu har gwiwa. Wanda ya yi gardama sau biyu na tsoma shi. Babu abin da ya fita daga gidan nan da cuta a ƙafarsa.

Yaya, tun rasuwar Baba da wa Inna take hira? Ke kina aiki, ni ina kaji, Amarya tana makaranta. Da safe za ki ji ta a bayan kicin tana yi musu faɗa, tana ba su labarin unguwa. Ranar da aka ce masu feshi za su zo, ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Kallona kawai ta yi ta ce, "Har da su?" Ke da kin iya amsa wannan, ni ban iya ba.

Idan abin ya lafa zan dawo da su. Ki bar maganar haka, don Allah.

Ƙaninki,
Auta


Alhamis

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka.

Ruwan bakin ƙofa don takalmi aka yi shi, saboda takalmi ba shi da hanji. Cutar a cikin cikinsu take. Ka wanke musu ƙafa, ka ɗauke su da ita a ciki, ka kai su gidan mutane. Ban yi mamakin tausayinka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ka saurari abin da na koya maka, ka riƙe rabinsa, ka yi aiki da shi da zuciya ɗaya.

Yanzu ga labarin da ban so ba. Cutar ta ɓulla a wani wuri, kuma a layin gidana ne. Telar nan da muke katanga ɗaya da ita, mai kajin gida a bayan shagonta, ta wayi gari ta tarar da su a zube. Har ta fige biyu kafin maƙwabta su hana ta. Yanzu ita da 'ya'yanta ana duba zafin jikinsu safe da yamma, domin cutar nan takan tsallaka ga mutum, kuma idan ta tsallaka ba ta wasa.

Tun da annobar ta fara a ofis nake kwana, kan wani benci da ya san ƙasusuwana, don kada in kwasa wa layinmu wani abu. Sau ɗaya na je ɗaukar kaya, ban ma shiga ba, maigidana Malam ne ya miƙo mini jakar ta tagar mota. Duk da haka na je na faɗa wa shugabana cewa wataƙila tayar motata ce ta kai cutar. An wanke motar ciki da waje, an sa ni na zauna ina lissafa duk inda na taka. Wannan shi ne aikin: a bi sawu, a gano ta inda ta bi, a tare gabanta. Ba zan iya bin sawun abin da aka ɓoye mini ba.

Inna tana zuwa wurinsu? Tana taɓa su? Ka san ƙirjinta. Idan ba za ka amsa ta farko ba, ka amsa wannan.

Yayarka


Juma'a

Zuwa ga Likita,

Inna ce ke magana, ni Amarya nake rubutawa yadda ta faɗa.

Ta ce a gaishe ki, ya aiki. Ta ce ta ji kina ta aiko wa yaro takardu kamar alƙali, alhali yana cikin jimamin asararsa. Ki bar shi ya huta, ita ce ta sa shi. Ta ce tun kina ƙarama haka kike, idan kika san abu sai kowa ya sha wuya da saninki. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma ta yi kiwo tun kafin a haife ki, ta san dabba mai ciwo idan ta gan ta. Agwaginta idonsu tangaran, gashinsu sumul, jiya ma ɗaya ta yi ƙwai. Ta ce kun kashe dubu ba ta ce uffan ba, wannan 'yan tsirarun ne za su hana ku barci? Ta ce ki ci abinci, an ce kin rame. Allah Ya yi miki albarka.

Yaya, daga nan ni ce, Inna ta shiga ɗaki.

Ki gafarce ni, ni kam ba zan iya ci gaba da yin shiru ba. Kullum da safe tana ɗaukar tasi ta je wurinsu, ta ba su dusa da hannunta, ta dawo da ƙwai a bakin mayafi. Tun shekaranjiya jikinta da zafi, tana tari, ta ce kada a faɗa miki.

A gidanki suke, Yaya, a bayan ɗakin wanki. Ƙaninki ya ce duk garin nan gidan da ba za a bincika ba shi ne gidan likita, ga shi ba kya kwana a can. Da na karanta abin da kika rubuta game da tela da motarki sai na je na same shi. Na ce masa ya faɗa miki, ya ce gobe. Yau ma goben ya ce.

Zai yi fushi da ni, na sani. Ki zo ki duba Inna.

Ƙanwarki,
Amarya


Lahadi

Auta,

Bayan gaisuwa. Zan faɗa maka abin da ya faru a jere, don kada ka ji shi a bakin wani da ƙari.

Takardar Amarya na isowa na kira asibiti, shi ya sa ka ga motarsu a ƙofa. Inna tana ɗakin da ake keɓe marasa lafiya, an ɗauki samfur daga hancinta da maƙogwaronta, an fara ba ta magani ba tare da jiran sakamako ba. Na je na tsaya a bayan gilashi. Ta gan ni, ta juya fuska bango.

Daga can na wuce gida. Na tarar da Malam a falo yana duba takardun ɗalibansa. Na ce, "Malam, agwagin wa ke bayan gidana?"

Ya cire tabarau ya ce, "Baƙi ne, kwana biyu za su yi."

Na ce, "Ina kwana kan benci don kada in kawo cuta gidan nan, kai kuma ka buɗe mata ƙofar baya."

Ya ce, "Inna ce ta zo da kanta. Ta tsaya a nan ta ce, Malam, alfarma na zo nema. Ke me za ki ce mata?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To, ke 'yarta ce. Ni suruki ne, ban da bakin da zan faɗi wannan."

Na ce, "Waya fa? Ita ma surukarka ce?"

Ya mayar da tabaransa.

Na zagaya baya. Kun sa musu baho a gindin famfo, kuna zubar da ruwan wankansu a kwata. Kwatar nan ta ƙarƙashin katanga take bi ta fita bayan shagon tela, inda kajinta ke tono. Ba tayar motata ba ce. Sai na ji wani sauƙi na ɗan lokaci, na kuma ji haushin kaina da jin sa.

Na kira shugabana na ba shi adireshin gidana. Ya ce in maimaita, na maimaita. Tawagar ta zo, ni na buɗe musu ƙofa, na koma gefe kamar kowace mai gida. Sun ɗauki samfur kafin su kashe su, kuma ya nuna suna ɗauke da ita. Toron ya ciji ɗaya daga cikin ma'aikatan ta cikin safar hannu. An binne su, an yi feshi, an rufe layinmu ga duk mai shiga ko fita da tsuntsu. Maƙwabtan da kajinsu ba su yi ko atishawa ba su ma sun rasa nasu. Telar ta tsaya a ƙofar shagonta tana kallona. Ita ce ta ɗinka mini rigar da ke jikina.

An ce in zauna a gida har a gama bincike, ban sani ba ko za a mayar da ni kan aikin. Za su zo su yi maka tambayoyi. Ka faɗa musu duka, har da wankin ƙafa, da motar da ka ɗauko su a ciki, da mai tasin da ke kai Inna, domin shi ma sai an nemo shi. Kai da Amarya da Malam za a riƙa duba zafin jikinku. Duk wanda ya ji tari ya faɗa a ranar, ba gobe ba.

Kada ka ɗaga wa Amarya murya. Idan kana neman wanda za ka yi wa fushi, ina gida, ba ni da aikin yi.

Yayarka


Laraba

Zuwa ga 'yar Inna,

Ni ce nas mai kula da mahaifiyarki. Ta ƙi karɓar waya, ta ce sai dai a rubuta, ga abin da ta ce.

Ta ce a gaishe ki. Likitoci sun ce ba ta tsuntsaye ba ce, murar mutane ce ta sauka mata a ƙirji, gobe za a sallame ta. Ta ce an faɗa mata abin da aka samu a jikin agwagin, ta ji, ba sai kin maimaita mata ba. Ta tambaya ko 'ya'yan telar nan lafiya, na ce ban sani ba, ta ce ke kin sani, ki zo da amsar.

Ta ce ki zo ki ɗauke ta da kanki, kada ki turo Auta. Ta ce ba za ta yi miki magana a hanya ba, amma ki zo.

A huta lafiya.